Son A Sani A Soshiyal Midiya: Yadda Manhajoji Ke Biyan Ladan Ƙuruciya

Duk mai riƙe da babbar waya ya san irin waɗannan saƙonni. Wani zai kai wa maras lafiya tallafin naira dubu biyar a asibiti, amma sai ya saita kyamara a fuskar bawan Allahn kafin ya miƙa masa. Wani zai jingina da motar da ba tasa ba ya ɗauki hoto, sannan ya rubuta dogon bayani a kan sirrin yin arziki. Wasu magidanta biyu masu 'ya'ya za su hau layif su shafe awa biyu suna zagin iyayen juna, dubban mutane na kallo suna tura musu kyauta. Da an tayar da maganar sai a ce tarbiyya ce ta lalace, ko kuma yaran zamani ne ba su da kunya.

Akwai gaskiya a cikin wannan, sai dai bai isa ya bayyana abin da ke faruwa ba. Son a sani tsohon hali ne, ya girmi wayar salula nesa ba kusa ba. Abin da ya sauya shi ne yanzu an ƙera manhajojin da ke auna wannan hali da lamba, su yaɗa shi, wani lokaci ma su biya mai shi kuɗi. Idan mai karatu ya fahimci yadda lissafin yake, zai ga cewa shi ma yana da hannu a ciki, ko da kuwa bai taɓa ɗora bidiyo ko ɗaya ba.

Kirari ba tare da fage ba

Hausawa sun ce yabon kai jahilci ne. Shi ya sa aka ware wa yabo masu sana'arsa: maroƙi ne ke wasa attajiri ko basarake, shi kuwa wanda ake wasawa sai ya sunkuyar da kai. Inda aka yarda mutum ya yi wa kansa kirari, kamar ɗan dambe ko ɗan tauri, akwai sharaɗi. Yana gama kirarin zai shiga fage, jama'a kuma su gani da idonsu ko maganar tasa ta tabbata. Wanda ya cika baki aka kai shi ƙasa a turmin farko, garin duka zai sani kafin magariba.

A shafukan sada zumunta an bar kirarin an ɗauke fagen. Masu kallo ba su san mai magana ba, ba za su haɗu da shi a masallaci ko kasuwa ba, ba su kuma da hanyar gwada abin da ya faɗa. Shi ma ba ya ganin fuskar dattijon da zai harare shi ya sa ya shiga taitayinsa. Abin da yake gani kaɗai shi ne lambar da ke ƙarƙashin saƙonsa.

Wannan lamba ba ta daɗe ba. Facebook ya fito da maɓallin layik ne a watan Fabrairun 2009, Twitter kuma ya kawo maɓallin sake yaɗa saƙo a ƙarshen wannan shekara. Daga lokacin ne kowace magana ta samu maki a bainar jama'a. A 2016 Instagram da Twitter suka daina jera saƙonni bisa lokacin da aka ɗora su kawai, suka koma barin algoridim ya zaɓi abin da zai fara bayyana.

Abin da algoridim ke ƙirgawa

Algoridim a nan tsarin lissafi ne da ke yanke hukunci a kan saƙon da za a nuna wa mutum idan ya buɗe manhaja. Akwai dubban saƙonnin da za a iya nuna masa, fuskar waya kuwa ɗaya ko biyu take ɗauka a lokaci guda. Don haka manhajar kan yi hasashe a kan kowane saƙo: mene ne yiwuwar wannan mutum ya danna layik, ya yi tsokaci, ya tura wa wani, ko ya kalli bidiyon har ƙarshe? Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da nauyinsa. Sai a ninka, a tara, saƙon da ya fi maki ya hau sama.

Ba sai an yi ta zato ba, domin a ƙarshen watan Maris na 2023 kamfanin Twitter, wanda yanzu ake kira X, ya ɗora wani ɓangare na lambobin manhajarsa a GitHub kowa ya gani. A alƙaluman da aka wallafa cikin watan Afrilu na shekarar, layik yana da nauyin 0.5, sake yaɗawa 1, amsa saƙo 13.5. Idan kuma mai saƙon ya dawo ya kula wanda ya ba shi amsa, nauyin ya kai 75. Ma'ana amsa ɗaya ta yi daidai da layik 27.

A sauƙaƙe, a ɗauka wani injiniya ya rubuta bayani mai amfani kan yadda ake kare asusun banki daga 'yan damfara, mutum 200 suka danna masa layik suka wuce. Makinsa 100 ke nan. Wani kuma ya rubuta maganar raini ga matan wani gari, mutum 50 suka fusata suka zage shi a ƙarƙashin saƙon. Makinsa 675, kafin ma ya fara mayar musu da martani ɗaya bayan ɗaya. A cikin jerin nauyin da aka wallafa babu inda aka bambanta amsar yabo da amsar zagi. Duka amsa ce. Kamfanoni kan sauya waɗannan alƙaluma lokaci zuwa lokaci, amma wannan ya nuna irin tunanin da aka gina tsarin a kai.

Facebook ma ya bi irin wannan hanya. Takardun cikin gida da tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 an ba alamomin nuna yanayi, har da fuskar nan mai fushi, nauyin da ya ninka na layik sau biyar. Masu binciken kamfanin da kansu suka gano cewa saƙonnin da ke tara alamar fushi sun fi ƙunsar ƙarya da cin mutunci, daga baya aka sauke nauyin alamar zuwa sifili a 2020.

Shi kuwa TikTok ya bayyana a watan Yunin 2020 cewa kallon bidiyo daga farko har ƙarshe na cikin alamomin da shafin For You ke ba nauyi sosai, kuma yawan mabiya ba ya cikin abubuwan da yake dubawa kai tsaye. Wannan na nufin wanda ba kowa ya sani ba jiya zai iya kwana da masu kallo miliyan ɗaya. Alheri ne ga mai basira. Amma haka yake ga wanda ya shiga kwata ya yi wanka da ruwanta, muddin mutane sun tsaya sun kalla har ƙarshe don su ga iyakar wautarsa.

Yadda manhaja ke koya wa mutum hali

Da yawa daga cikin masu wannan ɗabi'a ba da ita suka fara ba. Mutum ya ɗora saƙo goma na hankali ba wanda ya kula, ran da ya yi ashar sai wayarsa ta cika da sanarwa. Ba sai an ce masa komai ba, ya ɗauki darasi.

Masu bincike a jami'ar Yale ta Amurka, William Brady da Molly Crockett da abokan aikinsu, sun auna wannan. A binciken da suka wallafa a 2021 sun bi saƙonni miliyan 12.7 na mutane 7,331 a Twitter, suka ga cewa wanda ya samu layik da yaɗawa masu yawa a ranar da ya nuna fushi, ya fi yiwuwar ƙara nuna fushi a saƙonninsa na gaba. Wani bincike da aka yi a jami'ar UCLA a 2016 kan matasa 32 ya nuna sashen ƙwaƙwalwa mai alaƙa da jin daɗin lada na motsawa idan matashi ya ga hotonsa da layik masu yawa. Ya kuma nuna cewa matasan sun fi danna layik ga hoton da suka tarar wasu sun riga sun cika da layik.

Masu ƙera manhajojin sun san da haka. A watan Nuwamban 2017 Sean Parker, shugaban Facebook na farko, ya faɗa a bainar jama'a cewa sun gina shafin ne ta yadda zai cinye lokaci da hankalin mutum gwargwadon iko, kuma suna sane suka yi amfani da rauni irin na ɗan Adam wajen son a yaba masa.

Matsalar wannan lada ita ce ba ta tsayawa wuri ɗaya. Abin da ya ja mutum dubu ɗari jiya, yau an saba da shi. Dole mai neman suna ya ƙara gishiri, ya ƙara tsiraici, ya ƙara zagi, ko ya ƙara ganganci. Kada kuma a ɗauka abin na yara ne kawai. A watan Agustan 2022 shugaban wani ƙaramin kamfanin talla a Amurka ya sallami wasu ma'aikatansa, sannan ya ɗauki hoton kansa yana hawaye ya ɗora a LinkedIn. Waɗanda suka rasa aiki daban, wanda ya zama labari daban.

Inda kuɗi ya shigo

Da can suna kawai ake samu, yanzu akwai kuɗi a ciki. A 2018 YouTube ya sa sharaɗin mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda kafin a fara raba kuɗin talla da mai tasha. A watan Yulin 2023 X ya fara biyan masu asusun da ke biyan kuɗin wata, kuma a farkon tsarin ana lissafa kuɗin ne daga tallan da ke bayyana a cikin amsoshin da aka ba saƙonsu. Wato duk wanda ya shiga ya zagi mai saƙon ya ƙara masa wurin da za a sa talla. A tsakiyar 2024 kuma Meta ya buɗe wa masu shafuka a Najeriya da Ghana damar samun kuɗin talla a Facebook.

A TikTok hanyar da aka fi sani a wannan yanki ita ce kyautar layif. Mai kallo ya sayi sulallan manhajar da kuɗinsa, ya tura fure ko wata alama, mai layif ya canza su zuwa kuɗi bayan kamfani ya cire kasonsa. Kyautar zaki da ake ta ihu a kanta sulalla 29,999 ce. Akwai kuma gasar da ake haɗa mutum biyu a fuska ɗaya na 'yan mintuna, wanda magoya bayansa suka fi tura kyauta shi ya ci. Ba abin da ke sa magoya baya su buɗe aljihu kamar faɗa. Shi ya sa wasu rigingimun da ake gani shiri ne, masu yin su sun san da juna, mai kallo ne kaɗai ya ɗauka da gaske.

Ga matashin da ba shi da aiki, wannan ba ƙaramin jarrabawa ba ne. Yana ganin sa'ansa ya sauya waya da mota daga rawa da ashar, shi kuma yana zaune da takardar kammala makaranta. Abin da ba ya gani shi ne dubban da suka zubar da mutuncinsu a hanya ɗaya ba su samu ko kuɗin data ba.

Martabar da ake saye

Lambar da ake fahariya da ita ma ba kullum take gaskiya ba. A watan Janairun 2018 jaridar New York Times ta bankaɗo wani kamfani mai suna Devumi da ke da asusun bogi aƙalla miliyan 3.5, wanda ya sayar wa abokan cinikinsa mabiya sama da miliyan 200 a Twitter. Cikin masu sayen akwai 'yan wasa, 'yan siyasa da 'yan jarida. Da Twitter ya yi sharar asusun da ake shakka a kansu a watan Yulin shekarar, manyan asusu da dama sun wayi gari da giɓi, har tsohon shugaban Amurka Barack Obama ya rasa mabiya fiye da miliyan 2.

Shuɗiyar alamar nan da a da take nuna an tantance mai asusu, a watan Nuwamban 2022 Twitter ya mayar da ita abin saye a kan dala 8 a wata. Cikin 'yan kwanaki wani ya buɗe asusu da sunan kamfanin magunguna na Eli Lilly, ya sayi alamar, ya sanar cewa allurar insulin ta zama kyauta. Sai da kamfanin na gaskiya ya fito ya ƙaryata. A birnin Los Angeles har ɗakin ɗaukar hoto aka samu da aka ƙawata kamar cikin jirgin sama na alfarma, ana hayarsa da awa.

Wani lokaci kuma dukiyar gaskiya ce, tushenta ne ruɓaɓɓe. Ramon Abbas, ɗan Najeriyar da aka fi sani da Hushpuppi, ya tara mabiya sama da miliyan 2 a Instagram da hotunan motoci da agoguna masu tsada. An kama shi a Dubai a watan Yunin 2020, kuma masu binciken Amurka sun kafa hujja da shafin nasa a takardun da suka kai kotu. A watan Nuwamban 2022 aka yanke masa ɗaurin wata 135 kan halasta kuɗin damfara. Matasa nawa ne suka raina sana'ar iyayensu saboda kallon waɗancan hotuna?

Abin da ake biya

Wasu sun biya da rai. A watan Yunin 2017 a jihar Minnesota ta Amurka, wata matashiya mai shekara 19 ta harbi saurayinta da bindiga yana riƙe da katon littafi a ƙirjinsa, da tunanin littafin zai tare harsashi su samu masu kallo a YouTube. Ya mutu, ita kuma aka yanke mata kwana 180 a gidan yari. Wani matuƙi mai suna Trevor Jacob ya diro da lema daga ƙaramin jirginsa a Kalifoniya a watan Nuwamban 2021, ya bar jirgin ya faɗi da gangan don ya samu bidiyon da zai tallata kayan wani kamfani. An ƙwace lasisinsa, aka kuma ɗaure shi wata shida saboda ɓoye tarkacen jirgin daga masu bincike.

A Najeriya ma bidiyo ya sha zama shaida a kan mai shi. Dokar Babban Banki ta 2007 ta tanadi ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyu ga mai wulaƙanta naira, kuma a watan Afrilun 2024 wata kotun tarayya a Legas ta ɗaure wani fitacce a Instagram wata shida kan liƙin kuɗi da aka ɗauka a bidiyo. A Kano kuwa hukumar Hisbah ta sha gayyata ko kama 'yan TikTok kan abin da suka ɗora.

Asarar da ta fi yawa ita ce wadda ba ta shiga labarai. Intanet ba ta mantuwa: ko an goge saƙo, wani ya riga ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ko ya sauke bidiyon. A 2017 jami'ar Harvard ta janye gurbin karatu daga ɗalibai aƙalla goma saboda hotunan batsa da izgili da suka yi ta musaya a wani zaure na Facebook. Tun 2019 takardar neman bizar Amurka ke tambayar sunayen asusun da mutum ya yi amfani da su cikin shekara biyar, a watan Yunin 2025 kuma aka umarci masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu yadda jami'ai za su gani. A gida ma, masu binciken aure da masu ɗaukar aiki sun koyi rubuta suna a akwatin bincike. Magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa har kwafi ake ajiyewa.

Tallar sana'a daban

Wannan ba ya nufin mutum ya ɓoye aikinsa. Tela da ke nuna ɗinkinsa, mai gyaran waya da ke nuna yadda ya sauya fuskar waya, mai girki, mai rubuta manhaja, duk suna da buƙatar a san su, kuma waɗannan shafuka sun buɗe musu kasuwar da iyayensu ba su samu ba.

Akwai gwaji mai sauƙi. A cire fuskar mai saƙon da sunansa, a duba abin da ya rage. Idan tela ne, riga ta rage. Idan mai gyaran waya ne, darasi ya rage. Idan kuwa aka cire shi ba abin da ya saura sai talakan da aka tozarta da sunan taimako, ko mutumin da aka zaga, to saƙon bai da kaya sai mai shi. Mai ɗora saƙo zai iya ƙarawa da tambaya ta biyu: shin zai yarda mahaifiyarsa, ko 'yarsa nan da shekara goma sha biyar, ta kalli wannan?

Abin da mai kallo zai iya yi

Tunda hankalin jama'a ne kuɗin da ake biyan mai neman suna, mai kallo ne ke riƙe da aljihun. Tsokacin "Allah ya shirya" da zagi da nasiha duk lissafinsu ɗaya a wurin manhaja. Haka sauke bidiyo a tura zauren WhatsApp da rubutun "ku ga yadda duniya ta lalace", talla ce kyauta.

A waɗancan alƙaluma na Twitter akwai abubuwa biyu da ke rage maki. Yin bulokin, toshe muryar asusu ko nuna ba a son irin saƙon na da nauyin 74 a ƙasa da sifili, kai ƙara kuma 369 a ƙasa da sifili. Wato wanda ya danna bulokin ya yi shiru ya fi wanda ya rubuta sakin layi uku na martani cutar da saƙon.

A TikTok, idan aka danne bidiyo da yatsa na ɗan lokaci, zaɓin nuna rashin sha'awa zai fito, kuma a cikin saituna akwai wurin sabunta shafin For You ya koma kamar na sabon asusu. A Facebook ana iya dakatar da ganin saƙonnin mutum na kwana 30, ko a daina bin sa ba tare da an cire shi daga abokai ba. A X ana iya toshe kalmomi ko sunayen da ba a son gani. Instagram kuma tun watan Mayun 2021 ya ba da damar ɓoye adadin layik, na saƙon mutum da na wasu. Wucewa da sauri ba tare da kallon bidiyo har ƙarshe ba shi ma saƙo ne da manhajar ke fahimta.

Idan abin ya kai ga cin zarafin yaro, damfara ko barazana ga rai, a kai ƙara a manhajar da kuma wurin hukuma. Idan kuwa ƙuruciya ce kawai da son a sani, abin da ya fi yi wa mai ita ciwo shi ne ya buɗe waya da safe ya tarar ba wanda ya tanka.